Takalmin da Ba Ya Cizo

Da a ce shagon Auta a wata unguwa yake, da abin ya zo wa Yaya da sauƙi. To amma ina, titi ne kawai tsakaninsu, shi ma ɗan siriri. Duk wanda ya tsaya a ƙofar Auta, a kan idon Yaya yake tsayawa. Duk ledar da ta fito daga can da takalmi a ciki sai Yaya ya gan ta, ko da kuwa kansa na sunkuye yana huda fata.

Su biyu ne 'ya'yan marigayi mai ɗinkin takalmi, uwa ɗaya uba ɗaya. Yaya ne babba, shi ya gaji shagon uban da bencinsa da ƙafafun katakon da ake ɗora takalmi a kai. Auta kuwa, wanda Yaya ya goya, ya share wa majina, ya koya wa riƙon basilla, shi ne ya girma ya kama shagon tsallake. Ya sa gilashi da fitila, ya shiga ɗaukar hoton takalma yana watsawa a waya. Yaya bai ce komai ba. Dama shi mutum ne da ba ya cewa komai, sai dai abu ya yi ta cin sa a ciki har ya rame.

Abin da ya fi ci masa rai takalmi ne guda ɗaya. Buɗaɗɗe ne, maɗaurinsa zirin fata ɗaya tal, wanda ake naɗewa yana shiga cikin kansa yana fita har ya rufe bayan ƙafa, babu ɗinki ko ɗaya a inda zai taɓa jiki. Shi ne ya ɗaga Auta. Ma'aikatan banki na zuwa nemansa, matan manya na aiko direba, har waɗanda ba su san ƙanshin fata ba sun iya cewa a ba su irin na Auta.

Irin na Auta! Yaya kan ji maganar kamar an watsa masa ruwan zafi, domin shi ya ƙirƙiro takalmin nan da hannunsa, tun Auta bai iya saka wando daidai ba. A lokacin ƙafar Baba ta fara kumburi, kowane takalmi ya sa sai ya ji masa ciwo. Yaya yana saurayi ya zauna ya ɓata fata ba iyaka har ya gano naɗin. Baba ya zura ƙafa, ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo, ya ce, "Wannan ba ya cizo." Iyakar yabon ke nan, kuma Yaya ya riƙe shi a zuciya har yau. Abokan Baba suka gani suka so, Baba ya ce musu a shagonsa aka yi, kowa ya ɗauka aikin tsohon ne. Yaya ya yi ta ɗinka musu har yayin ya wuce, aka manta.

Telan da ke maƙwabtaka da Yaya, wanda rediyonsa ba ya mutuwa bakinsa ma ba ya mutuwa, shi ya fara kawo labarin sabuwar doka.

"Da can sai manyan kamfanoni masu lauyoyi ke rajistar fasalin kayansu," in ji tela, yana jingine da ƙofa da tef a wuya. "Yanzu an sauƙaƙa. Mai sana'ar hannu ma daga wayarsa zai tura hoto. In ta fito, ba mai kwaikwayon kayanka sai da izininka. Ka san wa ya riga kowa a layin nan?"

Yaya bai ɗago ba. Ba ya bukatar a gaya masa.

Da la'asar sai ga Auta ya tsallako, fes da shi, yana ƙanshin turare maimakon gam. Ya durƙusa ya gaida yayansa kamar yadda ya saba, wannan kam ba a raba shi da ladabi, kuma ladabin ma haushi yake ba Yaya.

"Yaya, albishir na zo da shi. Na tura takalmin nan rajista. Akwai wani kamfani da ke jiran ta fito, za su karɓi izini a wurina su riƙa kai shi manyan kantuna. Na ce musu sharaɗina na hannu ne, ba na inji ba. Aikin ya fi ƙarfina ni kaɗai. Kai zan fara kawo wa, don duk layin nan ba hannun da ya kai naka."

"Da sunan wa aka tura?"

"Da sunan shagona, ai ni na nema."

"A ina ka samo naɗin?"

Auta ya yi murmushi, idonsa ya ɗan kawo ruwa. "Takalmin Baba na tuna, Allah ya jiƙansa. Wanda nake goge masa ina yaro. Tsohon nan gwani ne, Yaya, ba mu san darajarsa ba sai da ya tafi."

Nan ne ya kamata Yaya ya buɗe baki. Magana ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Amma ina. Wato mamaci ya samu yabo, ƙaramin yaro ya samu suna, shi kuma an taimaka masa da aikin ƙwadago a kan abin da ya fito daga kansa. Ya ja zare ya ce, "Allah ya sa albarka." Auta ya amsa da amin har cikin ransa, ya koma tsallake.

A gida ya kasa cin abinci. Matarsa, wadda ta san tarihin takalmin tun suna sabon aure, ta zauna gefensa ta ce, "Ni dai ban ga abin wahala a nan ba. Ƙaninka ne. Ka kira shi ka ce kai ka yi, ba Baba ba. Wallahi yaron nan da gudu zai sa sunanka."

"Ya sa sunana? Kyauta zai ba ni? Ni zan je in roƙi yaron da na goya ya yarda na yi abin da na yi?"

"To ka zauna kishi ya cinye ka."

"Wa yake kishi?"

Ta kwashe kwanon. Kishi ne mana, shi ma ya sani. Yana jin sa in ya ga hasken gilashin can, yana jin sa in Inna, mahaifiyarsu, ta ce Auta ya aiko mata da magani. Har 'yarsa ta fari, wadda ke makarantar sakandare, in ta dawo sai ta fara leƙa shagon Baffanta kafin ta tsallako wurin ubanta.

Tela ne ya sake kawo sauran labarin. Ashe dokar ta ce kafin rajista ta tabbata sai an yi sanarwa, an ba da lokaci, duk mai ƙorafi ya fito da hujjarsa.

"In wani ya nuna shi ya riga yi fa?" Yaya ya tambaya, yana yi kamar zancen bai dame shi ba.

"Ai shi ke nan, mai nema ya sha ƙasa."

Yaya bai ƙara tambaya ba, don a ganinsa sauran a bayyane yake. A sana'arsu, tun yana yaro, wanda ya fara fitar da ɗinki shi ne mai shi. Ko shekara nawa aka yi, in wani zai kwaikwaya sai ya zo ya gaishe shi ya nemi yardarsa, in ba haka ba a yi ta yi masa gori a layi. To doka da hukuma ta zauna ta tsara, ai ba za ta kasa sanin abin da kowane mai basilla ya sani ba. Zai kai hujja, a cire sunan Auta, a sa nasa. Sannan shi zai tsallaka titi, da kansa, ya ce wa Auta aikin ya fi ƙarfinsa shi kaɗai. Har ya ji daɗin maganar a bakinsa.

Hujjar tana akwatin Inna. Da Baba ya rasu an rabar da kayansa kaf, ta hana a taɓa takalmin nan. Ya same ta a ɗakinta tana jan carbi, ya gaishe ta, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce yana so ya shafa wa takalmin Baba mai kada fatar ta bushe.

Fuskarta ta washe. "Allah ya yi maka albarka, Babba. Kai kaɗai ke tuna irin wannan." Ta buɗe akwatin, ta zaro shi a naɗe cikin tsohuwar rigar marigayin. Shatin yatsun Baba na nan a jikin fatar, baƙi, dunduniyar hagu ta fi cinyewa. "Ka lallaɓa min shi. In na buɗe akwatin nan na gan shi, sai in ji kamar fita ya yi zai dawo."

Ya karɓa da hannu biyu, bai yarda sun haɗa ido ba.

Ofishin rajistar yana hawa na sama a wani dogon gini, ɗaki ne mai sanyi da kujerun roba a jere. Jami'ar da ke karɓar ƙorafi mace ce mai tabarau, ba ta da hayaniya. Ta buɗe hoton takalmin Auta a kwamfuta, ta ɗora na Baba a tebur, ta dube su ta sake dubawa.

"Naɗin iri ɗaya ne," ta ce. "Malam, wannan tun yaushe?"

"Tun ina saurayi. Ni na yi shi."

"A gida aka ajiye shi, ko an fita da shi?"

Yaya ya gyara zama. Yau ga wanda ya tambaye shi. "Fita? Ranki ya daɗe, mahaifina har ya bar duniya shi ne a ƙafarsa. Kasuwa da shi, asibiti da shi. Abokansa kuwa ban san iyakar waɗanda na ɗinka wa ba. Akwai masu rai, in kina so gobe in kawo miki su."

"Sayar musu ka yi?"

"Sayarwa mana."

Ta cire tabarau ta ajiye. "To bari in gaya maka yadda abin yake, don kada ka ce ba a faɗa maka ba. Doka sabon abu take karewa. Fasalin da aka riga aka sayar, duniya ta gani shekara da shekaru, ya tashi daga sabo. In maganarka ta tabbata, rajistar ƙaninka za ta faɗi."

"Sai a mayar da ita sunana."

"A'a. Ba za ta koma sunan kowa ba. Ya zama na kowa da kowa, duk mai so ya yi, ba izini ba sallama."

Yaya ya dubi takalmin. Sanyin ɗakin ya shiga masa har ƙashi. "Amma ni na fara."

"Na ji, kuma ban ƙaryata ka ba. Da a lokacin aka yi rajista, da naka ne. Yanzu kam ba naka ba ne, ba nasa ba ne. Ba ka riga ka shigar da ƙorafin ba, Malam. Kana iya ɗaukar takalminka ka koma gida ku yi magana, ai ɗan'uwanka ne."

Ta faɗi magana mai yawa, kuma duk ya ji. Ya ji kamfani zai janye, ya ji aikin da aka yi masa tayi zai bi ruwa, ya ji yaran da Auta ya ɗauka za su koma zaman banza. Amma duk cikin maganar guda ɗaya ce ta zauna masa daram.

"Ba nasa ba ne, kika ce?"

"Haka na ce."

"To a rubuta. Kuma a rubuta ni na yi."

Ta dube shi ta ɗan jima. "Wannan ba ya cikin abin da ake bukata. Tsufan takalmin da shaidu sun isa."

"Ni ina bukata."

Masu ɗinkin takalmi suna da wata ɗabi'a. Kafin a haɗe tafin takalmi, wanda ya yi aikin yakan karce alamarsa da bakin basilla a ciki, inda ba mai gani sai in an farke. Ta Baba gicciye ce, ta Yaya ƙugiya biyu masu kallon juna, irin wadda ke jikin allon shagonsa har gobe. Ya zaro 'yar wuƙarsa daga aljihu. Jami'ar ta ce, "Malam, dakata," amma ya riga ya sa bakin wuƙar a dunduniya. Tsohon zaren bai yi gardama ba. Fatar ce da ta bushe ta ƙi, ta tsage har gefen maɗaurin, naɗin da ya yi shekara da shekaru a riƙe ya warware ya zube a tebur.

Ƙugiyoyin na nan, ƙanana, kamar jiya aka karce su. Ya nuna mata da yatsa. Ta duba ta ce, "Na gani." Ta ɗauki hoto. Iyakar abin da ya samu ke nan.

Ba a daɗe ba sakamako ya fito, rajistar ta faɗi. Yaya na zaune ya hango Auta ya fito daga shago da waya a hannu, ya tsaya a bakin titi kamar wanda ya manta inda za shi, sannan ya tsallako. Wannan karon bai durƙusa ba.

"Yaya, kai ka yi shi?"

"Ni na yi."

"Ba Baba ba?"

"Ba Baba ba."

"To me ya hana ka faɗa min? Nan na zo, nan na tsuguna."

"Sai na faɗa? Kai ba ka da ido? Ka taɓa ganin Baba ya yi naɗi?"

"Ina da shekara nawa a lokacin, Yaya?" Muryarsa ta karye. "Mutanen kamfanin sun kira. Sun ce abin da yake na kowa, a kan me za su nemi izinina. Da inji za su buga shi." Ya tsaya ko za a ce masa wani abu. Da ya ga ba za a ce ba, ya juya.

Yaya ya jira daɗin ya zo. Ya daɗe yana tanadin wannan rana, ya ɗauka in ta zo zai ji kamar an sauke masa kaya. Sai ya ji wayam, kamar ɗakin da aka kwashe kayan ciki. Tela ma da ya leƙo, kallo ɗaya ya yi masa ya koma kan kekensa.

Takalmin Baba kuwa, Yaya ya yi iya yinsa wajen gyara shi. Ya sa gam, ya sa sabon zare, ya mayar da naɗin, amma tsagar ba ta ɓoyuwa, dole ya ɗinke ta ta sama. Ya shafa mai ya kai wa Inna. Labari ya riga shi isa. Ta karɓa, ta bi ɗinkin da babban yatsa tun daga farko har ƙarshe.

"Na san kai ka yi shi," ta ce. "Shi ma Babanku ya sani. Ba ranar da zai cire shi bai ce yaron nan yana da kai ba."

"Bai taɓa faɗa min ba."

"Kai ma ba ka taɓa faɗa wa ƙaninka komai ba. Halinku ɗaya." Ta naɗe takalmin a rigar, ta tura ƙarƙashin gado maimakon akwati. "Tashi ka je, zan yi salla."

Kafin shekara ta juyo takalmin ya cika gari. Na roba, ja da shuɗi da ruwan hoda, a baro, a bakin tasha, a kan tabarmar 'yan gwanjo. Masu injin ba su san dalilin naɗin ba, sai suka ƙara masa wani layin ɗinkin ƙarya a ciki don ado. Matan manya suka daina aiko direba, don ba za su sa abin da mai aikinsu ke sawa ba. Auta ya sallami yaransa, ya kashe rabin fitilun gilashin. Yana gaida Yaya daga tsallake, da ɗaga hannu.

Wata rana da rana 'yar Yaya ta shigo shagon daga makaranta tana ɗingishi. Ta zauna a benci ta miƙe ƙafa. Na roban ne a ƙafarta, shuɗi.

"Ina kika samo wannan?"

"A bakin tasha. Duk 'yan ajinmu shi suke sawa. Irin na Baffa ne."

Ya sauko daga kujera ya tsuguna a gabanta, ya zare mata shi a hankali. Layin ɗinkin ƙaryar ya goge mata bayan ƙafa, wurin ya yi ja ya ɗuri ruwa. Ya juya takalmin a hannunsa. Naɗinsa ne, ba ko tantama, kowace shiga da kowace fita.

"Cizo yake yi, Baba," ta ce tana hura wurin. "Don Allah ka yi wa Baffa magana ya yi min na fata, na gasken. Ai shi ya iya."

Yaya ya buɗe baki. Basilla na nan a hannun damansa, ga fata a rataye, kafin magariba zai iya gama mata shi. Ya dubi tsallaken titi, inda Auta ke zaune shi kaɗai a bayan gilashi.

"To," ya ce. "Zan faɗa masa."